Darasi: Hoton Fasfo Da Katin Shaidar Ɗan Ƙasa

'Yan'uwa manoma da masunta na Yawuri, Ngaski da Shanga, sa'ad da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka ta da iyayenmu zuwa sababbin ƙauyuka, mai gari shi ne shaidar kowa. Yau banki ba ya tambayar mai gari. Lamba yake nema, da hoto.

Asalin katin

A 1979 gwamnati ta yi dokar rajistar 'yan ƙasa, amma sai a 2003 aka yi rajista ta ƙasa baki ɗaya. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, wadda take ba kowane mutum lambar NIN. Lambobi 11 ne, ba su sakewa har mutuwa. A Disamba 2020 aka umarta a haɗa layin waya da ita.

Me ya shafi ƙungiyarmu?

Mu tuna da rancen noman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Ta hannun ƙungiyoyi aka bi, kuma sai mai asusun banki da lambar BVN. Manomi yana iya zama da fadama mai kyau, amma idan sunansa na banki dabam, na katinsa dabam, rabo ya wuce shi. Da yawanmu muna da sunan gida, da na baftisma, da na makaranta. Mu zaɓi ɗaya, mu tsaya a kansa, har da jerinsa da rubutunsa.

Abin da za mu yi

1. Mu tafi wurin rajista da takardar haihuwa, ko ta rantsuwar shekaru, ko wasiƙar hakimi.
2. Can za a ɗauki hotonmu da zanen yatsu goma. Mu wanke hannu, gama fartanya da igiyar taru suna cinye zanen.
3. Rajistar fari kyauta ce, amma gyaran kuskure da kuɗi. Saboda haka a karanta mana suna da ranar haihuwa kafin mu tashi.
4. Hoton fasfo na takarda kuwa, don fom na ƙungiya da na banki ne. Ya zama sabo, fuska duka a fili. Mu rubuta suna a bayansa.
5. Mu sa takardar a leda, musamman masu shiga jirgin ruwa. Mu kwafe lambar a wani wuri dabam. Kada mu faɗa wa baƙo ita ta waya.

Kada mu jira ranar rabon taki. Da sanyin safiya ake kama fara.

Tambayoyi don taro

1. Mutum nawa a cikinmu ba su da lamba tukuna? Nawa ne mata?
2. Wa zai raka tsofaffi da gwauraye zuwa Yelwa, ko Wara, ko Shanga ranar kasuwa?
3. Ko asusun ƙungiya zai iya biyan kuɗin motarsu?