Darasin Wannan Mako: Idan Baƙo Ya Ce "Ku Taimake Ni"

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu sai mun ratsa Kantin Kwari, ko Singa, ko Titin Faransa, ko shataletalen Bata kafin mu iso makaranta, haka kuma in an tashi. A irin wannan cunkoso ba a rasa wanda ya yanke jiki ya faɗi, ko wanda Adaidaita Sahu ta buge, ko mai tare ka ya ce kuɗin motarsa sun zube. A gida an ja mana kunne kada mu kula wanda ba mu sani ba. A masallaci da coci kuma an koya mana cewa barin mabuƙaci a yashe ba halin kirki ba ne. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba dole sai an zubar da ɗaya ba. Ɗalibi zai iya taimako daga inda yake tsaye, a bainar jama'a, ta hanyar jawo manya.

Mu fara da mayaudara, tunda su ne suka sa mutane suka ɗaure zuciya. Kowa a Kano ya san masu ƙwacen waya, kuma ba kullum da wuƙa suke farawa ba. Wani da sallama zai zo: "Ƙanina, ara min wayarka in kira gida." Wata ta ce, "'Yata, raka ni cikin layin nan, kakata ce ba lafiya." Ga ma'aunin da za ku riƙe: wanda ke cikin matsala ta gaskiya ba ya zaɓen mai taimako. Idan ka ce, "Baba, bari in kira mai shagon can ya zo," zai yi murna, don shi mafita yake nema. Mayaudari kuwa kai yake so, kai kaɗai. Zai ce ba sai an tara mutane ba, zai matsa maka da gaggawa, zai nemi ku bar wurin. Da zarar taimakon ya zama sai ka shiga lungu, ko kango, ko mota, ko ka miƙa wayarka, to ruwa ba ya tsami banza. Ja da baya. Ku tambayi kanku ma, me zai sa babban mutum ya tsallake 'yan kasuwa da 'yan dako da jami'an KAROTA, ya zo wurin ɗan aji biyu neman agaji?

Wani lokacin kuma mutumin da gaske yake, wurin ne ke da haɗari. Ranar Talata 17 ga Mayu, 2022, wani abu ya fashe a Titin Aba da ke Sabon Gari, kusa da wata makarantar yara. Gini ya rufta, aka tabbatar da rasuwar mutum tara. A irin wannan wuri bangon da ya tsage zai iya ƙarasa faɗuwa, wani abin zai iya sake fashewa, kuma taron 'yan kallo kan toshe wa motar asibiti da ta kwana-kwana hanya. Shi ya sa abin da ake fara koya wa mai agajin gaggawa shi ne ya duba ko shi kansa yana cikin haɗari.

Rijiya da shadda sun fi kowane wuri yaudarar masu zuciyar taimako. Iskar da ke ƙasansu takan rasa sinadarin da muke shaƙa mu rayu, ko ta gauraya da guba, kuma ido ba ya gani. Sai wanda ya shiga ceto ya suma, na uku ya bi shi. Wannan aikin jami'an kashe gobara ne. Wanda ya faɗa kududdufi a miƙa masa gora, ko a jefa masa igiya ko rufaffiyar jarka marar komai. Wanda lantarki ya kama, musamman da damina, ba a taɓa shi da hannu sai an kashe wutar.

Abin mamaki, akwai kuma inda muke gudu alhali babu abin tsoro. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓa jiki. Idan ta kayar da mutum, a janye abin da zai ji masa ciwo, a sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, don zai iya sarƙe shi. Wanda mota ta buge kuma ba a sunkutarsa da ka, saboda ƙashin wuya ko na baya. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta.

Me ya sa mutum ɗari za su zagaye wanda ya faɗi ba wanda ya motsa? A 1968 wasu masana biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, sun gwada ɗaliban jami'a. Kowane yana ɗaki shi kaɗai, sai ya ji ta na'ura kamar farfaɗiya ta kama wani. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai suka ji, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman agaji kafin muryar ta yanke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 ne kawai. Kowa na jiran wani. Maganin abin shi ne a daina cewa "jama'a ku taimaka", a nuna mutum ɗaya: "Alhaji mai farar hula, don Allah kira 112." "Malam mai Adaidaita, tsaya a kai shi Asibitin Murtala." Wannan ko 'yar aji ɗaya za ta iya, ba tare da ta taɓa kowa ba.

Manya da yawa tsoron 'yan sanda ke hana su, kada a riƙe su a matsayin shaida ko ma a ɗora musu laifin. Tsoron yana da dalili, amma ku sanar da su a gida cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba da bindiga kuma ta wajabta a duba su ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo su, kada a tsananta masa da tambayoyi.

Ku rubuta lambobi biyu a bangon littafinku: 112 ta gaggawa, da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Duka kyauta ake kira.

Tambayar mako: bayan magariba ka ga yarinya 'yar kimanin shekara biyar tana kuka a bakin Kasuwar Sabon Gari, ta ce ta ɓata, gidansu yana "can ciki". Me za ka yi, kuma wa za ka fara kira? A miƙa amsa ga sakataren kulob kafin ranar Alhamis, za mu liƙa uku da suka fi gamsarwa.