Suna a Bangon Gidan Tarihi: Alfahari da Hamayya a Kan Hotunan Seydou Keïta na Bamako

Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi yadda shigar hoto gidan adana kayan tarihi da fasaha ke sauya matsayin wanda ya ɗauke shi, da irin takaddamar da ke biyo baya. An zaɓi Seydou Keïta na Bamako, babban birnin Mali, domin a kansa al'amarin ya fi fitowa fili.

Ma'aunin fifiko kafin gidan tarihi

Keïta ya buɗe ɗakin ɗaukar hotonsa a unguwar Bamako-Kura a 1948, ya yi aiki a nan har farkon shekarun 1960, lokacin da ya koma ɗaukar hoto ga gwamnati. A wancan zamani, abin tinƙahon mai hoto shi ne yawan masu zuwa wurinsa. Gasa tsakanin masu sana'ar ta tsaya ne kan labulen da ake ratayawa a baya, da kayan aro da ake bai wa mai son hoto: rediyo, agogo, alƙalami, babur ko kwat. Hoton ƙarami ne, galibi santimita 13 da 18, kuma da zarar an biya ya zama mallakar mai shi. Mai sana'a fim ɗin kawai yake riƙewa. Keïta ya adana dubbansa da kyau, kuma wannan adanin ne ya zame masa jari daga baya.

Daga "ba a san mai shi ba" zuwa shahara

A 1991 aka nuna wasu hotunansa a baje kolin Africa Explores a birnin New York, ƙarƙashin jagorancin Susan Vogel, amma an rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Attajiri Jean Pigozzi ya gan su, ya tura André Magnin Bamako neman mai su. Wanda ya gane aikin, ya kuma nuna hanyar gidan Keïta, shi ne abokin sana'arsa Malick Sidibé. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya saɓa da zaton cewa kishi tsakanin masu sana'a ɗaya ne tushen rikici irin wannan.

A 1994 Fondation Cartier ta baje hotunansa a Faris, a 1996 kuma suka shiga baje kolin In/sight na gidan Guggenheim. Sai dai abin da aka rataye a bango ba shi ne abin da mutanen Bamako suka saya ba. An sake wanke hotunan a Turai, an girmama wasu har suka haura mita guda, an ƙara musu kaifin baƙi da fari. An ruwaito cewa ganin su a wannan girma ne ya tabbatar wa Keïta ingancin aikinsa. Alfaharin na gaske ne, amma da ma'aunin wasu aka auna shi.

Hamayya

Da daraja ta hau, sai rigima ta kunno kai. A 2001, gab da rasuwarsa, Keïta ya raba gari da Magnin da Pigozzi, ya ƙulla yarjejeniya da dillali Jean-Marc Patras. Daga nan aka shiga shari'a kan ɗaruruwan fina-finai na asali, da kuma sahihancin sa hannun da ke kan wasu hotuna. Ga gidan tarihi wannan ba ƙaramin lamari ba ne, tunda ƙimar abin da ya mallaka ta rataya ne a kan amsar tambaya ɗaya: wane bugu ne na haƙiƙa? A fahimtar wannan nazari, masu shiga tsakani ne suka fi zafin hamayyar, domin su ke riƙe da ƙofar.

Shi kuwa Sidibé ya samu kyautar Hasselblad a 2003, da Zakin Zinariya na Venice a 2007. Mountaga Dembélé, wanda Keïta ya koyi wani ɓangare na sana'ar a wurinsa, bai samu ko kusa da wannan ambato ba. Matan Bamako da suka ci ado suka biya kuɗinsu aka ɗauke su kuwa, yawancinsu har yau suna rataye ne a ƙarƙashin rubutun "ba suna", kusa da sunan Keïta da shekarar ɗauka.