Ɗaga Hilux Sama: Yadda Ake Zaɓar Sifirin da Shokozoba

Duk mai bin bidiyon motoci a TikTok ya saba ganin a-kori-kura da aka ɗaga, aka sa mata manyan tayoyi. Abin na da kyan gani, amma kuskure a nan yana iya kifar da mota.

Tun daga samfurin 2005, Toyota Hilux tana da sifirin mai naɗi a gaba, da mai falle-falle a baya. Kafin a sayi komai, mai mota ya fara lissafin nauyin da take ɗauka kullum. Sifirin da aka ƙera don kaya masu nauyi, in aka sa wa motar da ke yawo wayam, kowane rami sai direba ya ji shi a ƙugunsa. Mai laushi kuma zai zauna da zarar an loda buhunan masara. Shi ya sa kamfanoni irin su Old Man Emu na Ostareliya ke rarraba sifirinsu bisa nauyi. Shokozoba ma dole tsawonta ya dace da sabon sifirin.

Inci 2, wato kusan milimita 50, ya ishi yawancin masu Hilux. Fiye da haka, shaf ɗin gaba na karkacewa ya riƙa lalacewa da wuri, motar kuma ta fi saurin tangaɗi a kwana. Ɗagawar ba ta ƙara adadin kayan da Toyota ta ƙayyade ba.

Wajen ɗaurawa, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi kafin aiki da bayansa, a ajiye alƙaluman a waya. Bakanike ya bari sai motar ta tsaya kan tayoyinta kafin ya ƙarasa ɗaure notinan bushin, in ba haka ba robar za ta tsage. Daga nan a duba ko tiyon burki ya miƙe da yawa, a yi saitin tayoyi, a kuma sauke fitilun gaba don kada su kashe wa masu tahowa ido.