DARASI: IDAN HOTON KWAMFUTA YA YI NAUYI

Jama'a, kwamfuta ta shigo karkara. Daga Dayi zuwa Malumfashi da Funtuwa, da ita ake buga takardu da wanke hoto. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta. Don haka wani uban yakan sayar da masara ko auduga, ya saya wa yaransa kwamfutar tebur ta hannu domin su koya.

To, wata rana sai hoto ya yi nauyi. Bidiyo yana tsaitsayawa. Allo yana ƙyafta ido, ko launi ya sauya. Sai wani ya ce ta mutu, a sayi sabuwa. Kada ku yi gaggawa. Sau da yawa ciwon ƙarami ne. Ku bi waɗannan matakai huɗu. Ku fara da wanda ba ya cin ko kwabo.

1. Duba waya

Kwamfutar tebur kashi biyu ce. Akwai akwati, akwai allo. Waya ce take haɗa su. Idan bakinta ya yi sako-sako, hoto zai yi rawa, ko ya koma ja ko shuɗi. A kashe kwamfuta. A zare wayar, a mayar da ita sosai. Idan mai shuɗin kai ce, a ɗaure kusoshinta biyu.

In bai gyaru ba, a ari allon maƙwabci a gwada. Idan hoto ya fito tas, laifin allonku ne ko wayarsa. Idan bai canza ba, ciwon yana cikin akwati.

2. Duba ƙura da zafi

A cikin akwati akwai sashen da yake zana hoto. Wani a manne yake, wani kuwa kati ne daban. Yana ɗaukar zafi, fanka ce take sanyaya shi. Ƙurar hunturu takan toshe fankar. Sai bazara ta zo da nata zafin. Idan zafi ya yi yawa, sashen yakan rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Alamar ita ce: da safe aiki lafiya, da rana sai nauyi.

A zare wuta tukuna. A buɗe murfin akwati. A kaɗe ƙura da burushi mai laushi. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. A ɗora akwatin bisa tebur, kada a manna shi da bango.

Gargaɗi: kada kowa ya buɗe tsohon allo mai ƙusumbi. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi.

3. Duba wuta

Wutar da take hawa da sauka tana sa allo ya ɗauke ya dawo. Ƙaramin janareta mai kaya da yawa yakan jawo haka. A rage masa kaya, a ga ko za a samu sauƙi. Sayen sitabilaiza ya fi sayen sabon allo araha.

4. Duba direba

Wannan ba direban mota ba ne. Wata 'yar manhaja ce. Ku ɗauke ta kamar tafinta a kasuwa. Windows tana ba da umarni, direba yana fassara wa sashen hoto. In babu tafinta, sai a koma magana da hannu. Ciniki zai yiwu, amma a hankali.

Haka yake faruwa idan mai gyara ya wanke kwamfuta, ya sa sabuwar Windows, bai sa direba ba. Rubutu zai yi manya-manya. Hoto zai baje. Bidiyo zai riƙa tsalle.

Ga yadda ake ganewa. A buɗe wurin da ake kira Device Manager. A danna Display adapters. Idan an ga sunan Intel ko AMD ko NVIDIA, akwai direba. Idan an ga Microsoft Basic Display Adapter, to na wucin gadi ne. A rubuta lambar samfurin da ke jikin akwati. A nemo direba a intanet daga kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar HP ko Dell ko Lenovo. Ku guji tallan da yake faɗowa yana cewa zai gyara kome kyauta. Wani cuta yake ɗauke da ita.

Idan kuwa ciwon ya fara ne bayan an sabunta direba, a danna sunansa sau biyu, a shiga Driver, a zaɓi Roll Back Driver. Tsohon zai dawo.

In allo ya daskare a Windows 10 ko 11, a danna maɓallai huɗu tare: Windows da Ctrl da Shift da B. Allo zai ƙyafta, direba ya farfaɗo.

Shawara ga mai saye

Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a watan Janairu 2020. Windows 10 ma an tsayar da kulawarta ta yau da kullum a watan Oktoba 2025. Tsohuwar kwamfuta kuma ba lalle a sami direbanta na sabuwar Windows ba. Saboda haka kafin ku biya, ku sa a kunna bidiyo a gabanku. Ku sa a buɗe Device Manager ku gani da idonku. Idan sai an je wurin mai gyara, ku gaya masa matakan da kuka riga kuka bi. Ku ce ya nuna muku abin da ya lalace kafin ya canza shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa kwamfuta takan yi nauyi da rana?
2. Mene ne aikin direba?
3. Wane allo ne aka hana buɗewa, kuma don me?
4. Ku rubuta matakai huɗun nan a jere, ku kai wa malaminku ya duba.