Taswirar Waya da Hanyoyin Ƙauyukanmu

Aikina binciken ruwa ne. Kafin motar haƙa rijiyar burtsatse ta taso, ni ake turawa in auna ƙasa, in kafa turke inda ruwa ya fi kusa, in rubuta lambobin wurin. Yawancin yawona tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ne: yau Karofi, gobe Birchi, jibi wani ƙauye a bayan Tsauri wanda ko allon suna ba shi da shi. Shi ya sa direbobi da ɗaliban jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma ke yawan tare ni da tambayar wace manhajar nuna hanya ce ta fi. Amsata ɗaya ce kullum: wadda za ta yi maka aiki ranar da babu sabis.

Mu nan mun san ranar. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, aka yi watanni a haka. Abokan aikina da yawa sun ɗauka taswirar waya ta mutu ke nan. Tawa ba ta mutu ba, kuma ga dalili. Wayarka ba ta buƙatar data don ta san inda kake. Sigina take karɓa kyauta daga taurarin ɗan adam na GPS, mallakar Amurka, da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,000, kuma da ta kama guda huɗu ta gano wurinka. Yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa da taurarin Rasha da na Turai da na Sin. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar kanta. In ka sauke ta tun kana gari, shi ke nan. In ba ka sauke ba, ɗigon shuɗi za ka gani yana yawo a farin fili.

Google Maps ta fi kowa sanin cikin gari da kan kwalta. Daga Katsina ta Kurfi zuwa Dutsin-Ma ba za ta ɓatar da kai ba, kuma tana barin mutum ya zaɓi yanki ya sauke. Sai dai in babu intanet, hanyar mota kawai take lissafawa. Ni da na sauka kan burji, Organic Maps ko OsmAnd nake buɗewa. Dukansu daga OpenStreetMap suke ɗibar taswira, wadda masu sa kai ke zanawa tun 2004, kuma a wasu wuraren nakan tarar da 'yar hanyar babur da ta ƙafa a cikinta. A wasu wuraren kuma fayau, don ba wanda ya zana. OsmAnd tana da wuyar sha'ani ga sabon hannu, ga nauyi a ƙaramar waya, amma tana ajiye sawun hanyar da ka bi, ka dawo ta kanta ko da dare ya yi. Waze kuwa kyanta babban birni mai cunkoso. A nan ba ta da masu ba ta labari.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne suna. Garinmu ma wani ya rubuta Dutsinma, wani Dutsin Ma. Sabon Gari nawa ne a jihar nan? Unguwar wane da Tashar wane fa? Wata rana direban motar haƙa ya rubuta sunan ƙauye a wayarsa, ta kai shi wani mai irin sunan, ya ƙona man yini guda a banza, mutanen da suka haɗa kuɗin rijiyar suna zaune a rana suna jira. Har yau abin yana damuna. Tun daga lokacin lambobi nake turawa, ba suna ba. Ka danna wurin a taswira ka riƙe, lambobi biyu za su fito. A yankinmu na farko yana farawa da 12, na biyu da 7. In ka ga saɓanin haka, an yi kuskure.

Akwai kuma abin da babu manhajar da ta sani. Ba ta san rafin da ka haye a bushe a watan Maris ya cika ya batse a Agusta ba, ko kwalbatin da ruwa ya cinye jiya. Ba ta san hanyar da ba a bi bayan la'asar ba. Ita gajeriyar hanya take nema, ko da ta cikin daji ce. Don Allah, in ta ce ka ratse daga kwalta a wurin da ba ka sani ba, musamman ta yamma wajen Safana da Batsari, ka tsaya a tasha ka tambayi direbobi da 'yan acaɓa, su da suka bi hanyar da safe.

Ni daren tafiya nake sauke taswirar a manhaja biyu, in rufe data in gwada su, in cika fawa bank don GPS na shan caji, sannan in kira mai unguwar da zan je in ji ta inda suke shigowa a makon nan.