Darasin lafiya: iyawar baki da iyawar hannu

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, asibitoci da yawa suka rufe. Waɗanda suka rage, irin su Al-Nau a Omdurman, marasa lafiya suka yi musu yawa. Alhali idan zuciya ta tsaya, cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa. Wanda yake kusa shi ne mai ceto.

Shi ya sa masu horar da ma'aikatan lafiya suke auna abu biyu. Da farko a tambayi nas: "Daga 1 zuwa 5, nawa za ki ba kanki wajen farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke?" Sannan a kawo mutum-mutumin roba ta gwada. Sau da yawa baki yakan wuce hannu, domin hannu yana mantuwa cikin 'yan watanni in ba a maimaita ba.

Ku ma ku auna kanku. Idan babba ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai:

1. A tura wani ya kira ma'aikacin lafiya.
2. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri.
3. A ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa.
4. A danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti.
5. Kada a daina sai ya farfaɗo ko ma'aikaci ya karɓa.

Karatu kaɗai bai isa ba. Ku je asibitin sansani, ku nemi a gwada muku da hannu.