Maƙoƙo mai fuska biyu

Ƴan'uwa masu karatu, kowa a cikinmu ya san maƙoƙo. Mun sha ganin kumburin nan a wuyan mata a kasuwar Mallawa ko ta Dungas. Amma ba duk maƙoƙo ne iri ɗaya ba. Akwai wanda rashin aidin a abinci yake kawowa, shi ya sa tun shekarun 1990 hukuma ta ce a riƙa sayar da gishiri mai aidin. Darasinmu na yau a kan wani iri ne daban, wanda gishiri ba ya warkar da shi. Wani lokaci ma ba a ganin kumburi ko kaɗan.

Ka sa yatsa a gaban wuyanka, ƙasa da zakaran wuya. A nan akwai wata ƴar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiran ta tiroyid. Aikinta kamar na zugazugin maƙeri ne. Tana zuba wani sinadari cikin jini, shi ne yake hura wutar jiki. In ta hura daidai, zuciya tana bugawa daidai, abinci yana narkewa, barci yana zuwa a kan lokaci. In ta hura da yawa, jiki ya ƙone. In ta yi sanyi, wuta ta kusa mutuwa.

Allah ya halicce mu da sojojin jiki, masu yaƙar cuta in ta shigo. To, a wajen wasu mutane sojojin nan sukan ruɗe, su juya kan tiroyid, kamar kare da ya ciji mai gidansa. Ba a ɗaukar wannan ciwo ta cin abinci kwano ɗaya ko ta kwanciya ɗaki ɗaya. Yakan bi dangi dai, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba.

Fuska ta farko ita ce ta zafi. Sojojin suna zuga tiroyid, tana aiki ba hutu. Mace tana ci kamar gara amma tana ramewa. Gabanta yana faɗuwa ko tana zaune. Tana zufa har cikin hunturu, lokacin da kowa yake jin ɗumi. In ta miƙa hannu sai ka ga yatsu suna rawa. Barci ya ƙaurace, ƙaramin abu ya sa ta fushi, wani lokaci idanu su firfito waje. Wani likitan ƙasar Ailan mai suna Graves ya bayyana wannan ciwo a 1835, wani Bajamushe mai suna Basedow ya bayyana shi a 1840. Ku riƙe sunayen nan biyu, za mu dawo kansu.

Fuska ta biyu ita ce ta sanyi. A nan sojojin suna cinye tiroyid a hankali har ta gaza. Mace tana neman mayafi cikin bazara. Kasala ta rufe ta, daka ya gagara, ɗaukar ruwa ya gagara. Fuska ta kumbura, fata ta bushe, gashi yana bin matsefi, ciki ya ƙi saki, murya ta dushe, mantuwa ta yi yawa. Jinin al'ada yakan ƙaru, wata kuma ta yi ta ɓari. Wani likitan Japan, Hashimoto, shi ya bayyana wannan a 1912, sunansa ne ciwon yake ɗauke da shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne fuskokin nan biyu suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Jininsa yana ɗauke da sojoji masu zugawa da kuma masu kashe wuta. Wanda ya fi ƙarfi a wannan lokaci shi ne yake mulki. Bara mace tana fama da zufa da rama, bana ga ta da sanyi da kumburi. Wata kuma da sanyin ta fara, daga baya ta koma zafi, ko da yake wannan bai cika faruwa ba. Akwai kuma wadda bayan ta haihu da wata biyu ko uku za ta shiga zafi na ɗan lokaci, sannan ta faɗa sanyi. Da yawa daga cikin masu jegon nan suna warkewa kafin shekara ta zagayo, wasu kuwa sanyin yakan zauna musu.

Kun ga inda ruɗani yake shigowa. Lokacin zafi a ce iskoki ne, ko a ce ta cika masifa. Lokacin sanyi a ce ragwanci ne, kishiya tana aiki ita tana kwance. Mace ɗaya, zargi biyu, alhali ciwo ɗaya ne yake juya ta. Ni dai a ganina aure da yawa ya yi tsami a kan abin da awon jini zai iya bayyanawa. Maigida, in matarka ta canja hali haka ba dalili, kafin ka kai ƙara wajen iyayenta ka kai ta likita.

Ido ba ya raba gardamar nan, awon jini ne yake raba ta. Sunan awon haruffa uku ne, kuma kun iya karanta su: TSH. Akwai abin mamaki a cikinsa, domin a juye yake tafiya. In lambar TSH ta yi ƙasa sosai, tiroyid tana gudu. In ta yi sama, tiroyid ta gaji. Ƙaramar likitar ƙauye ba ta cika yin wannan awo ba. Fara da ita dai, ka nemi takardar da za ta kai ka asibitin Dungas ko na Magarya. Sau da yawa sai an dangana da babban asibitin Damagaram. Wasu kuma, da yake iyaka tana kusa da mu, sukan bi ta Maigatari su tafi asibitin Malam Aminu Kano.

A nan ne sunayen nan biyu suke da amfani. Takardar Damagaram, da yake da Faransanci aka rubuta ta, za ta ce Basedow. Takardar Kano za ta ce Graves. Ciwo ɗaya ne. Haka maganin rage zafin: a wani kwali za ka ga Néo-Mercazole, a wani ka ga carbimazole, abu ɗaya ne. Wanda bai iya karatu ba sai ya zaci ya samu magani iri biyu, ya haɗa ya sha, ya ninka ƙa'ida. Maganin sanyin kuwa sunansa levothyroxine, a farmasi an fi sanin sa da Levothyrox. Na farko yana rage wuta, na biyu yana ƙara ta. To, ka duba haɗarin. Maganin da ya taimake ka bara yana iya cutar da kai bana in ciwon ya juya. Kada ka ari na maƙwabciya don wuyanku ya yi kama. Kada ka saya a tebur ko a kan tire cikin rana.

Ga ƙa'idar Levothyrox. Ana shan sa da ruwa zalla da sassafe, a jira kamar minti 30 kafin kunu ko shayi. In kana shan maganin ƙarin jini, a bar awa 4 tsakaninsu, domin ƙarfen da ke cikinsa yana hana shi shiga jiki. Lambar da ke jikin kwali, 25 ko 50 ko 100, ita ce ƙarfinsa, kada a canja ta sai da izinin likita. In an canja, ana sake awon jini bayan mako 6 zuwa 8. Da azumi ka tambayi likita lokacin da ya fi dacewa, yawanci kafin sahur ne. Mafi yawan masu ciwon sanyi sha ne na har abada. Jin sauƙi alama ce magani yana aiki, ba alamar a daina ba.

Shi kuwa carbimazole yana da gargaɗi ɗaya da nake so ku ja masa layi. In mai shan sa ya ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ya dakatar da shi ya tafi asibiti a ranar, ya ce a auna masa jini. Kada ya ce masassara ce ya sha maganin sauro ya kwanta. Abin bai cika faruwa ba, amma in ya faru yana kisa. Ana shan wannan magani shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sannan likita ya duba. In zafin ya ƙi kwanciya akwai aikin tiyata. Wanda aka cire masa tiroyid duka sai ya koma shan Levothyrox har ƙarshen rayuwarsa. Tsagar wanzami kuwa ba ta kai wa ga ciwon, kuma manyan jijiyoyin jini suna nan gefen wuya.

Mai ciki, ko mai neman ciki, ta gaya ma likita da wuri. Mai ciwon sanyi yawanci ana ƙara mata ƙarfin magani, domin ƙwaƙwalwar jariri tana bukatar sinadarin nan tun watannin farko. Mai ciwon zafi kuma akan canja mata magani. Mai firfitattun idanu ya rabu da taba, tana ƙara ɓata su.

Yanzu ga aikin da karatunmu zai yi. Likitan da zai gan ka bana ba lalle ne wanda ya gan ka bara ba, kuma mantuwa tana cikin ciwon. Sayi kaye ɗaya, ka raba shafi gida huɗu: kwanan wata, sunan magani da lambarsa, bugun zuciya, yadda jiki yake. Bugun zuciya kuwa ga yadda ake ƙirga shi. Zauna ka huta, sa yatsu biyu a wuyan hannu ƙasa da babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya da agogon salula. Na babban mutum mai hutawa yana tsakanin 60 da 100. In ya wuce 100 kwana da kwanaki, ko ya sauka ƙasa da 60 tare da kasala, kada a jira ranar da likita ya sa. Duk takardar awon jini a liƙa ta a bayan kayen, ta Damagaram da ta Kano wuri ɗaya.

Kowa ya zana wannan shafi a allonsa yanzu. Sannan ku zauna biyu-biyu, mata da mata, maza da maza, kowa ya ƙirga bugun zuciyar ɗan'uwansa ya rubuta lambar a gida na uku.